Baƙon da Ya Girmi Badala

Na taɓa tsayawa ƙafa ɗaya a duniya, ɗaya a inda ba a dawowa. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne takalmin da na bari a can sabo ne.

Walida, matso da fitilar nan. Rumaisa, ke kika nace sai na ba ku labarin aljanu, to ki saki hannun 'yar'uwarki tun ban fara ba. Kuma ku sani, ni ban yarda da yawancin abin da ake faɗa a kansu ba. Akwai su, wannan ban musa ba. Abin da nake musawa shi ne a ce ba su da aikin yi sai tare mutane a hanya. Wanda na haɗu da shi bai tare ni ba. Ni na je na ɗauko shi a A Daidaita Sahu.

Lokacin ina shekara ta shida a digirin da ake yi a shekara uku. Kundina kaf a kan abu ɗaya ya tsaya: wata 'yar ƙaramar ƙofa da nake zaton an taɓa yi a jikin badala, wato ganuwar Kano, ta ɓangaren yamma, aka toshe ta, aka manta. Hujjata layi ɗaya ce a wani tsohon rubutun ajami, sai wani wuri da ƙasar ginin ta ɗan canja launi. A kan wannan na rubuta shafi tamanin, ina nuna cewa dabarar yaƙi ce ta sa aka toshe ta.

Malamina, Farfesa Ɗanlami, ya ce layi ɗaya ba hujja ba ce. Ya ce sai na kawo shaidar baki, dattijo mai rai wanda ya san ƙofar. Ya miƙo mini takardar da ake cikewa: suna, shekaru, unguwa, sana'a, sa hannu ko dangwale.

"Litinin," in ji shi. "In ba ka kawo ba, a rufe fayil ɗinka. Na gaji da kare ka."

Na zaga dattawa sun fi arba'in. Kowannensu kakansa jarumi ne. Babu wanda kakansa ya ga ƙofa.

Don in riƙe kaina, ina yi wa wata Hajiya Ladidi aikin zagayawa da baƙi. Tana da abin da take kira yawon yamma na musamman: baƙo ɗaya, jagora ɗaya, daga La'asar sakaliya zuwa Isha. A fara da marinar Ƙofar Mata, a ratsa kasuwar Kurmi, a hau dutsen Dala a ga faɗuwar rana, a ƙare a badala. Ranar Asabar ta kira ni.

"Dattijo ne, shi kaɗai, da farar riga. Ƙarfe biyar a Ƙofar Mata."

Dattijo mai farar riga, a Kano. Kamar a ce ka je masallacin Juma'a ka nemo mai hula.

Muka isa da Ɗan'azumi, mai keken da ke ɗaukarmu kullum, mutumin da bakinsa ba ya hutawa sai in yana ci. Na shiga marina. Na gan shi zaune a bakin wata rijiyar rini. Rigarsa fara tas. A wurin da ko kaza ta ratsa sai ta fito da shuɗi, babu ɗigo ɗaya a jikinsa.

"Sannu da hutawa, Baba. Kai ne mai son ganin gari?"

Ya dube ni ya daɗe.

"Na kwana biyu ban zaga ba," ya ce.

Na ɗauka shi ne. Na gyara murya na fara karatun da na saba, wanda Turawa ke tafa mini a kansa. Na ce wannan marina ta haura shekara ɗari biyar, kuma waccan rijiyar tana cikin na farko.

"A'a."

"Na'am, Baba?"

"Waccan ta bayan nan ce. Ta farkon kana tsaye a kanta."

Na dubi ƙasa. Siminti ne.

Ya tsoma babban yatsansa a ruwan rinin, ya shinshina, ya yatsine fuska. "Toka ta yi yawa."

Na yi dariyar da ake yi wa baƙon da ya biya. Wani marini ya ɗago daga aikinsa ya dube ni. Ni ya duba, ba dattijon ba.

"Malam, lafiya dai?"

"Lafiya lau," na ce. Ban kawo komai a raina ba.

Muka shiga keke. Ni na fara zama, shi ya biyo. Da ya zauna, keken ya yi ƙasa kamar an ɗora masa buhun siminti goma. Mutum ne siriri, ku gane, wanda za ka ce iska za ta kwashe shi. Ɗan'azumi ya leƙa tayar baya. Ya gyara madubi. Ya sake gyarawa. Gefen jikina da ke kusa da dattijon ya ɗauki ɗumi, irin na bangon gidan burodi. Na ce a raina zazzaɓi ke damun bawan Allah.

Daga nan har Kurmi, duk abin da na nuna sai ya gyara. Na ce nan kaza ne, ya ce a'a, gaba kaɗan. Na ce sarki wane ne ya gina, ya ce shi sarkin da kansa ya kwaɓa ƙasar? Shekara shida ina cin ƙurar littattafai, ga wani tsoho yana gyara ni kamar ɗan aji ɗaya.

"Baba, a littafi haka aka rubuta."

"Mai littafin yana wurin?"

"Ba ya wurin."

"To."

Wannan "to" ɗin, da mari ne da ya fi sauƙi.

A Kurmi muka sauka, don lungunan ba sa shiga da keke. An fara rufe rumfuna. A nan na lura da tafiyarsa. A fili fetal, inda babu komai, sai ya sunkuyar da kai kamar mai shiga ƙaramar ƙofa. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake abin da babu. Ya yi kwana ya zagaye iska. A gaban wani shagon sayar da rigunan waya ya tsaya ya yi sallama, ya jira, ya gyaɗa kai kamar an amsa.

"Bi a hankali," ya ce mini. "Saiwar rimin nan tana kayar da mutane."

"Babu rimi a nan, Baba."

"Kai ne ba ka da shi."

Sai na duba ƙafarsa. Kada ku yi mini wannan kallon. Duk ɗan bokon da bai yarda da labarin kofato ba, sai ya duba. Ba kofato ba ne. Ban ga ƙafar ba gaba ɗaya. Tana nutse cikin ƙasa har idon sawu. Yana tafiya, ƙasar ba ta tsagewa, ba ta motsi. Ƙafar dai tana can ƙasa, tana taka wani abu da ni ban isa in taka ba.

Rumaisa, numfasa.

Akwai bayani. Tsohon gari tashi yake yi. Gini ya rushe, a yi wani a kansa, shara ta taru, a zuba ƙasa. Bayan ɗaruruwan shekaru, inda mutanen da suka taka ya koma ƙarƙashin inda muke takawa. Duk ɗalibin tarihi ya san wannan. Na ji daɗi da na tuna bayanin. Sai da muka yi taku ashirin na gane bayanin bai taimake ni da komai ba.

Da muka iso Dala, na nufi matakalar siminti. Shi ya bi ta gefe, inda ko akuya sai ta yi shawara. Na isa sama ina haki. Na tarar da shi tsaye, hannu a baya. A nan ƙafafunsa suna bisa dutse sarai, cikin wasu tsofaffin takalman fata. Dutse ba ya tashi.

Rana ta yi ja. Gari ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu, hayaƙin girki yana tashi unguwa-unguwa. Na buɗe baki zan lissafa masa ƙofofin gari, ya riga ni. Yana nunawa da yatsan nan mai shuni, wanda har lokacin bai bushe ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo yamma, ya ambaci ɗaya, ya ambaci ta gaba, a tsakaninsu ya ce, "Sai 'yar ƙaramar."

Na juyo na fuskance shi.

"Wace 'yar ƙarama, Baba?"

"Ta masu ɗebo yumɓu. Jaki da kaya ba ya wucewa sai an sauke."

"Ka san ta?"

"Na san ta."

"An toshe ta?"

"An toshe."

Na ce, "Saboda yaƙi ko? Don kada abokan gaba su..."

"Kura ce."

"Kura?"

"Ta shigo ta nan sau biyu. Na biyun ta ɗauke akuyar matar mai unguwa. Matar ta hana kowa barci kwana bakwai. Aka toshe."

Shafi tamanin, Walida. Da taswira. Da kibiyoyi masu nuna ta inda rundunar maƙiya za ta ɓullo.

Amma kura ma hujja ce, in akwai mai faɗa. Na taɓa aljihuna. Takardar Farfesa tana nan.

Muka sauko muka yi Magariba a wani ɗan masallaci a gindin dutsen. E, ya yi sallah, ku daina zaro ido, akwai musulmi a cikinsu. Kafaɗarsa na jikin tawa. Amin ɗinsa kuwa daga can bayan sahu na jiyo ta.

Na ce wa Ɗan'azumi badala ta yamma. Tun Ƙofar Mata bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya kashe rediyo. Leɓɓansa kawai ke motsi. Inda kwalta ta ƙare ya taka burki.

"Malam Nafi'u, zo ka ji."

Na sunkuya.

"Tun ɗazu kake magana. Na ɗauka abin waya ne a kunnenka." Ya leƙa kunnena. "Babu komai a kunnenka."

"Da Baba nake magana."

"Wane Baba?"

Na waiwaya. Dattijon ya riga ya sauka, keken ya miƙe kamar an sauke masa lodi. Yana tsaye yana jirana.

"Jira ni minti goma," na ce.

"Wallahi ko minti ɗaya. Shigo mu tafi."

Mai hankali zai shiga. Amma mai hankali ba ya kai shekara shida a digirin shekara uku. Ɗan'azumi ya juya keke, na ga jar fitilarsa tana ƙanƙancewa.

Hanyar siririya ce, tsakanin badala da wani kududdufi. Babu gida kusa. Kwaɗi suna ta kuka. Da muka matso, suka yi shiru gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da hannu. Dattijon yana gabana, yanzu nutse har ƙwauri. Bai tambaye ni hanya ba. Ya tsaya daidai inda ƙasar ginin ta canja launi, wurin da na yi shekara uku ina aunawa.

Na kunna fitilar waya, na fito da takarda.

"Baba, 'yan tambayoyi ne, na makaranta. Sunanka?"

"Wanda za ka iya faɗa, ko na gaskiya?"

"Wanda zan iya faɗa."

"Rubuta Na-ƙofa."

"Sana'a?"

"Jiran ƙofa."

"Unguwa?"

Ya nuna bangon. "Nan ciki."

Na rubuta "cikin gari". Ba ƙarya na yi ba.

"Shekaru?"

"Ba ma ƙirgawa."

"Ko kintace ne, Baba. Ba a karɓar takardar in babu shekaru."

Ya shafa bangon kamar mai shafa bayan doki.

"Ranar da aka kwaɓa ƙasar nan, na riga na yi furfura."

Na bar gurbin babu komai. Na nuna masa wurin dangwale. Ya ɗora yatsan nan mai shuni. Takardar ta yi ɗumi a hannuna.

Sai wayata ta yi ƙara. Hajiya Ladidi.

"Nafi'u, ina ka shiga? Alhajin nan tun ƙarfe biyar yake tsaye a Ƙofar Mata! Ya gaji ya koma masauki, yanzu ya gama wanke ni tas!"

"Hajiya, ai muna tare da..."

"Kuna tare da wa?"

Na ɗago kai.

Ƙofar tana nan.

Ba ta bayyana da wata ƙara ba. Tana nan kawai, kamar ni ne ban taɓa dubawa da kyau ba. Gajeriya, mai ƙyauren itace da ƙusoshin ƙarfe. A buɗe. Ta ciki ina hango fitilun mai, harshen wutarsu yana lilo. Ina jin ana daka. Wani jaki ya yi kuka. Wata mata tana faɗa, da irin Hausar da sai a tsohon ajami na taɓa gamuwa da ita. A kan akuya take faɗan.

Na ɗauki hoto. Na duba. Bango. Na sake ɗauka. Bango da babban yatsana.

Dattijon ya sunkuya ya shiga. Ya juyo. A can ciki ƙafafunsa suna bisa ƙasa daidai.

"Ka zaga da ni garinku," ya ce, "duk da ba ka san shi ba. Ba a barin ɗan rakiya a bakin ƙofa. Shigo ka sha ruwa."

Kun san yadda aka rene mu. Babba ya ce shigo ka sha ruwa, ba ka cewa a'a. Da Gwaggonmu za ta ji na ƙi, sai ta fi aljanin ɓata mini rai. Ban da haka, shekara shida ana ce mini ƙofar nan a kaina kawai take. Ga ta. Taku ɗaya, in taɓa ƙyauren, in ƙirga ƙusoshin.

Na yi bismillah. Na zura ƙafar dama. Ta sauka ƙasa sosai, kamar mai taka matakalar da bai gani ba. Ƙasar can da ɗumi.

Abin da ya cece ni ba jarumta ba ce. Mugun halin ɗalibin tarihi ne, wanda ba ya iya ganin abu bai tambayi kwanan wata ba.

"Baba, yaushe ake rufewa?"

"In an kira Isha."

"A buɗe da asuba?"

"A buɗe in an buɗe."

"Kafin yau, yaushe aka buɗe ta?"

Ya ɗan yi tunani.

"Daren kurar."

Can nesa, ta wajen gari, wani ladani ya gyara lasifika. Na ji ƙyauren ya motsa. A hankali. Babu mai tura shi.

Zan so in ce muku mahaifiyata na tuna. Allah ya yafe mini, Litinin na tuna. Na ga Farfesa Ɗanlami yana rufe fayil ɗina, yana cewa dama ya faɗa.

"Baba, a yi mini afuwa. Ina da malami."

"Ruwa kawai."

"Ba ka san shi ba ne."

Na ja ƙafa. Ta ƙi. Wani abu ya riƙe diddigen, ba hannu ba, ƙasa ce, tana tsukewa kamar ɗanyen yumɓu. Ladani ya ɗaga murya. Ƙyauren ya taɓa gwiwata. Na ƙanƙame takardar a ƙirji, na jefa kaina baya gaba ɗaya.

Na faɗi a bakin kududdufi. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Bango ne a gabana. Ƙafata ta dama babu takalmi. Daga cikin bangon, ƙasa-ƙasa, na ji muryarsa.

"Kuma ba daga nan rana take faɗuwa ba a da."

Wannan kam ƙarya yake yi. Amma ban tsaya musu ba.

Ban gudu ba. Na dai yi sauri irin wanda ya sa na wuce Ɗan'azumi a hanya, shi yana cikin keke.

Washegari da rana tsaka na koma, da mutum uku. Babu ƙofa. A ƙasan bangon, inda launi ya canja, bakin igiyar takalmina ya ɗan leƙo daga cikin busasshiyar ƙasa, kamar da shi aka yi ginin. Na ja, ya ƙi. Yana nan har yanzu, in akuya ba ta cinye ba.

Saboda haka ku ji da kyau, ku biyun. Hanyar nan ta tsakanin badala da kududdufi, kada wadda ta bi ta ita kaɗai in rana ta faɗi. In kuka ga dattijo yana sunkuyawa inda babu ƙofa, ku gaishe shi da ladabi, ku canja hanya. In ya ce ku sha ruwa, ku ce kuna azumi, ko da bayan Magariba ne.

Digirin? Walida, ke ba ki iya barin labari ya ƙare da mutunci ba.

Ranar Litinin na zauna a ƙofar ofis da takardata. Komai ya cika sai gurbin shekaru. In na rubuta gaskiya, asibitin ƙwaƙwalwa za a kai ni, ba ɗakin jarrabawa ba. Na yi ta juya biro. A ƙarshe na rubuta tamanin da biyar. Na ga adadi ne mai kamala, ba wanda zai yi masa musu.

Farfesa ya sa tabarau. Ya karanta. Ya taɓa dangwalen, shuni ya kama masa yatsa, ya ce ba ni da tarbiyya, ina kawo masa takarda ɗanya. Shekara biyu ke nan yanzu, tana cikin akwatina, ba ta bushe ba.

Labarin kurar ya burge shi. Ya ce ya fi shafi tamanin ɗina ma'ana. Har ya ɗauko jan biro zai sa hannu, sai idonsa ya sauka a kan gurbin shekaru. Ya ajiye biron.

"Tamanin da biyar? Nafi'u, ɗan shekara tamanin da biyar me ya sani a kan ƙofar da aka toshe shekaru ɗaruruwa? Yaro ne wannan."

Ya ƙara mini shekara ɗaya. Ya ce in koma in nemo wanda ya girme shi.